Jidda ta fara da aji, Kano ta fara da lokeshin

Iyaye Hausawa mazauna Jidda da Makka sun fara yin tambayar da ba a yin ta shekara goma baya: yaro ya gama sakandare ya ce fim zai karanta, wannan karatu ne ko shiririta? Ni dai na ce karatu ne, kuma mu da muka fito daga gidan Kannywood mun fi kowa buƙatarsa.

A nan Saudiyya gidajen sinima sun shafe sama da shekara 30 a rufe, sai a Afrilun 2018 aka buɗe na farko a Riyad. Amma tun 2013 Jami'ar Effat da ke Jidda, wadda a lokacin ta mata ce zalla, ta fara koyar da shirya fim, da haɗin gwiwar Jami'ar Kudancin Kaliforniya. Wato shekara biyar ana koyarwa babu allon da za a haska aikin. Hukumar fim ta zo a 2020, bikin finafinai na Bahar Maliya ya biyo baya a Disambar 2021. Mu kuwa ta ɗaya ƙofar muka shiga. Tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 kasuwa ke jan ragama: yaro ya fara da riƙe fitila, a hankali ya zama mai kyamara. Wannan tarbiyya ba abar rainawa ba ce, ita ta koya wa mutanenmu sauri da tattalin kuɗi. Illarta ɗaya: yaron yakan gaji gwanintar maigidansa haɗe da kurakuransa, don babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga dalili.

Dalilin nan shi ake koya a darasin nazarin fim, ɓangaren da ɗalibai ke ɗauka surutu ne. Malami zai ba ka sin ɗaya, wato fitowa ɗaya a fim, na minti uku. Ka kalle shi da sauti a kashe, ka ƙirga sau nawa aka yanka hoto, ka rubuta daƙiƙar kowace ɗauka, daga nesa ce ko daf da fuska, kyamara a tsaye take ko tana tafiya, ta ina haske ya shigo. Sannan ka rufe hoton ka saurari sauti kaɗai. Wanda ya yi wa sin ashirin wannan fiɗar zai gane da kansa abin da ya sa hirar falo a finafinanmu ke gajiyar da ido: mutum biyu a kan kujera, kyamara a nesa, minti huɗu ba motsi, ba a nuna fuskar mai saurare ba, alhali a fuskarsa labarin yake.

Haka dokar layi. Idan biyu na magana, akwai layin da ba a gani da ya ratsa tsakaninsu, kyamara ba ta tsallake shi. Da ta tsallake, a wajen editin sai ka ga su biyun suna kallon gefe ɗaya, kamar ba da juna suke ba. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya faru ba, zai dai ji wani abu bai zauna ba.

Sauti ne ya fi damuna. Makirfon da ke jikin kyamara ba na ɗaukar magana ba ne. Ana rataye na sanda sama da kan ɗan wasa, kusa iyakar yadda ba zai shigo hoto ba, mai sauti kuma da abin ji a kunnensa. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, a kashe firij da fanka. Kafin a tashi daga ɗaki kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun wurin, don da shi edita ke cike gurbi tsakanin maganganu. In babu shi, sauti ya riƙa tsalle duk inda aka yanka. Wannan ba ya cin ko sisi, sani kawai yake so.

Akwai wani ƙaramin tarko ga mai aiki tsakanin ƙasashen biyu. Wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Saudiyya sau 60. Wanda ya saba da firam 25 (hotuna 25 a daƙiƙa) da saurin shata 1/50 (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske) a Kano, in ya kunna kyamara haka a ƙarƙashin doguwar fitila a Jidda, zai ga hoto na ƙyaftawa. Maganin shi ne ya mayar da shata 1/60. A aji ake jin wannan cikin minti biyar. A lokeshin sai an yi asarar aikin yini.

Ba wai gida babu makaranta ba. Akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, akwai sassan wasan kwaikwayo a Bayero da Ahmadu Bello. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gada tsakanin ajin da masu sana'ar. A 2016 an yi ta ce-ce-ku-ce kan ƙauyen fim da gwamnati ta so ginawa a Ƙofa, jihar Kano, har aka janye shi, ana ta maganar gini, ba a cika maganar manhaja ba.

Don haka uban da ɗansa ya zo da wannan buƙata, a Jidda ne ko a Jos, ya yi wa makarantar tambaya uku. Gajerun finafinai nawa ɗalibi zai gama da hannunsa kafin ya fita? Ana juya shi ya yi rubutu, kyamara, sauti da editin, ko kowa darakta yake son zama? Kayan aiki ana ba shi ya fita da su, ko suna kulle a ofis? Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, saboda haka ɗan shekarar farko bai kamata a bar shi ya wuce shafi biyar ba, da 'yan wasa biyu, a wuri ɗaya.