Irin shinkafar da bai iso fadama ba

A damunar 2020, lokacin da ruwa ya shanye gonakin shinkafa daga Argungu har Bagudo a jihar Kebbi, na tarar da kawuna tsaye a bakin gonarsa, wando a naɗe zuwa gwiwa, yana kallon inda ya yi dashe. Ko tsinin ganye ɗaya ba a gani. Na tambaye shi ko ya taɓa jin FARO 66. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, taki ne ko maganin feshi?"

Iri ne. Cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a jihar Neja, tare da cibiyar binciken shinkafa ta Afirka, AfricaRice, ta fitar da shi da ɗan'uwansa FARO 67 tun 2017, shekara uku kafin wannan ambaliya. Abin da ya bambanta su da sauran shi ne, idan ruwa ya rufe su, sukan yi lamo maimakon su ƙarar da ƙarfinsu wajen miƙewa neman iska, har su jure kusan mako biyu a nutse, ruwa na janyewa su farfaɗo. Ba zan ce da sun ceci kowace gona ba, domin a wasu wurare ruwan ya daɗe fiye da haka. Amma da wasu sun tsira da abin kai wa bakin salati.

Mun iya lissafin bashi da injin casa. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwambar 2015, shinkafar LAKE ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas ta shiga kasuwa a 2016, kamfanin casar shinkafa na WACOT ya buɗe a Argungu a 2017. Duk an yi biki an ɗauki hoto. Abin da ba a faɗa shi ne, wannan bunƙasa kacokan a kan bincike ta hau. FARO 44, wadda manomanmu ke kira Sipi, ba gadon kakanni ba ce. Masana ne suka gwada ta shekara da shekaru kafin a sake ta. Saurin nunarta, cikin ƙasa da wata huɗu, shi ya sa mutum ke iya noman damuna ya sake na rani a gona ɗaya. Buhu biyu a inda ake samun ɗaya, ai shi ne tattalin arziki, ko da ba a kira shi da sunan boko ba.

To me ya hana sabon irin isowa? A ganina, an bar tsakiya babu kowa. Mai bincike ya gama nasa, manomi na jira, amma malamin gona da zai ɗauko daga can ya kawo nan ya zama sai an tona. Wanda ya rage ba shi da man babur. Manomi kuwa ba ya yarda da takarda, kuma bai yi laifi ba: gonarsa ce abincin iyalinsa na shekara, ba zai yi caca da ita ba. Gani ya kori ji. Sai ya ga kunya biyu gefe da gefe, ruwa ya wuce, ɗaya ta mutu ɗaya ta tashi.

Haka zancen yake ga albasar Aliero, da ke ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi, alhali jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha na cikin garin tun 2006. Haka ga mai noman rani da kuɗin fetur ya karya tun cire tallafi a 2023, wanda ke son sanin wane injin sola ne zai ja masa ruwa ba tare da ya sayar da bijiminsa ba.

Wasu za su ce jiha ba ta da kuɗin bincike, aikin tarayya ne. Na ji. Amma ba ɗakin gwaji na biliyoyi nake nema ba. A ware gonar gwaji ɗaya a kowace gundumar da ke bakin gulbi, a damƙa ta ga ɗaliban aikin gona na Aliero da Zuru su yi aikinsu na kammala karatu a kanta, a kuma ba wasu manoma kwangilar riɓanya irin kafin watan shuka. Kawuna ya ce in an kawo masa mudu biyu, zai ba shi kusurwar gonarsa ta gefen ruwa, inda dama ba ya sa rai da ita.