Talabijin a kwamfuta: abin da na gani a Birmingham da abin da na baro a Kano

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Birmingham, kuma har yau ban sayi akwatin talabijin ba. Ɗakina ƙarami ne, teburi ɗaya nake cin abinci a kai, nake karatu a kai. Kwamfutar da nake aikin makaranta da ita, ita ce talabijin ɗina idan dare ya yi.

A nan Ingila abin da sauƙi. Kowace babbar tasha tana da shafinta: BBC na da iPlayer tun 2007, ITV na da ITVX. Ka buɗe, ka danna, shiri ya fito, ko kai tsaye ko wanda ya wuce ka jiya. Intanet ɗin gida kuɗin wata ake biya, ba ƙidayar gig, don haka ba ka kallo zuciyarka na kan data. Amma akwai abin da ba a faɗa wa baƙo sai wasiƙa ta iso ƙofarsa. Duk mai kallon tasha kai tsaye, a akwati ne, a waya ne, ko a kwamfuta, sai ya biya lasisin talabijin, wanda a Afrilun 2025 ya kai fam 174.50 a shekara. Tarar wanda aka kama babu lasisi kan kai fam 1,000. Na ga ɗalibanmu da dama suna zaton tunda ba su da akwati, dokar ba ta hau kansu ba. Ta hau, kuma gara mutum ya sani tun ranar da ya sauka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙwallo. Ranar Asabar, wasannin Firimiya da ake bugawa ƙarfe uku na rana ba a nuna su kai tsaye a ƙasar nan, tsohuwar ƙa'ida ce tun shekarun 1960, don kada mutane su daina zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Filin Aston Villa bai fi tafiyar minti ashirin daga inda nake ba, amma ƙanena da ke gidan kallo a Fagge shi ke sanar da ni an ci. Yana kan benci, janareta na ruri a bayan rumfa, mutum ɗari na ihu tare, ni kuwa ina bin sakamako a rubuce.

Ƙanen nan nawa ya taɓa cewa, "Yaya, ai ku kun huta, komai a kwamfuta." Na aika masa da tsohuwar kwamfutata don karatu, ya gwada kallon labarai da ita yadda nake yi. Mako bai cika ba datar wata ta ƙare. Awa guda na hoto mai kyau kan cinye gig ɗaya ko fiye, ga kuma ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da aka amince wa kamfanonin sadarwa na Najeriya a farkon 2025. Ga mai zama a Kano, ni a ganina kallon tasha ta intanet dare da rana asara ce. Dish da dikoda sun fi masa. Idan babu akwati, akwai wata 'yar na'ura da ake soka wa kwamfuta a ramin USB, a jona ta da dikoda, hoton ya fito a allo, ba ruwansa da data. Idan kuma dole sai intanet, ya rage ƙarfin hoton zuwa 360. Fuskar mai karanta labarai ba za ta ɓace ba.

Mu da ke nesa kuwa, intanet ɗin nan ita ce igiyar da ta ɗaure mu da gida, kuma a nan ƙorafina yake. Tashar Channels ta Najeriya na watsa shirye-shiryenta kai tsaye a YouTube, labaran ƙarfe goma ba sa wuce ni. Da rani agogonmu ɗaya da na Najeriya, da sanyi ina ganin su ƙarfe tara. Arewa24, wadda ta fara a 2014, ta yi tanadin manhaja don masu kallo daga waje. Amma tashoshin jihohinmu da dama, waɗanda suka fi kowa sanin farashin masara a Dawanau da halin da damina ke ciki, ka je shafinsu ka tarar bidiyon ƙarshe ya kwana wata uku. Da azumin bara na nemi tafsiri a wata tashar jiharmu, sai wani bawan Allah da ya kafa wayarsa gaban akwati yake watsowa a Facebook, hoton na rawa, ana jin ƙarar kwanuka a tsakar gidansu. Na kalla har ƙarshe, na yi masa addu'a.

Hausawa na Jidda, Kumasi, Khartum da nan Turai ba kaɗan ba ne, kuma yaranmu da aka haifa a nan suna buƙatar su ji Hausa daga bakin wani ba iyayensu kaɗai ba. Kwamfuta ɗaya, layin intanet mai ƙarfi, da ma'aikaci guda da zai riƙa kula da shi kullum, abin da ake nema daga kowace tasha ke nan.