Uba ya leƙa filin atisaye, amma ya bar wa koci aikinsa

A Amurka muhawara ake yi kan iyayen da ba sa barin gefen fili in 'ya'yansu matasa na atisaye. Tamu matsalar daban ce. Yaro ɗan shekara 15 zai rataya takalmin ƙwallo bayan La'asar, sai an kira Magariba ya dawo, uban bai san sunan kocin ba, balle inda filin yake. Ka yi masa magana ya ce, "ai tamaula ce kawai."

Ni a ganina a je. Ba kullum ba, kuma ba sai an sanar ba.

Koci yana da iko a kan yaro fiye da yadda muke zato. Shi ke zaɓar wanda zai buga, shi ke ajiye wani a benci, kuma yaron da ke mafarkin zama Ahmed Musa ba zai iya ce masa a'a ba. Yawancin kociyoyi mutanen kirki ne, wasu ma daga aljihunsu suke sayen ƙwallo da ruwan leda. Amma a 2018 kotu a Ingila ta ɗaure wani koci mai suna Barry Bennell shekara 30 saboda lalata da yaran da yake horarwa, a 2021 kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fallasa cin zarafin 'yan matan ƙwallon kwandon Mali. Mai mugun nufi yakan fara duba yaron da ba wanda ke zuwa tambayarsa.

Ga kuma dillalan bogi masu zagaya filayen unguwa da alkawarin gwaji a Turai. Dokar FIFA ta hana kai ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙungiya a ƙetare, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa. Uban da ya saba gaisawa da koci zai ji labarin dillalin tun kafin a zo masa da maganar sayar da gona.

Sai dai zuwa daban, katsalandan daban. Na sha ganin uba a bakin layi yana ihu, "buga mana, kai!" alhali koci ya ce a riƙe ƙwallo. Yaron sai ya rikice, abokansa su samu abin tsokana har mako ya zagayo. Filin atisaye wurin kuskure ne, kuma da wuya matashi ya saki jiki in idon babansa na kansa. A tsaya daga nesa, a ga su wa ke wurin, a ga yadda ake yi wa yara magana. In da ƙorafi, a jira a tashi, a ja koci gefe.