Maɓallin Tkinter Bai Lalace Ba

Masu koyon Python da dama sukan yi korafin cewa maɓallin Tkinter (kayan aikin Python na gina tagogi da maɓallai) yana da matsala: da an buɗe manhajar sai aikin da aka haɗa da maɓallin ya gudana da kansa, in kuma an danna, shiru kake ji. Laifin ba na Tkinter ba ne, na baka biyun da ka saka ne.

Idan ka rubuta command=gaisa(), ka umarci Python ta gudanar da gaisa nan take, tun kafin taga ta fito, ta miƙa wa maɓallin abin da aikin ya dawo da shi. Galibi None ne, wato ba komai. To me maɓallin zai kira? Sunan aikin kawai yake buƙata: command=gaisa. Zai ajiye shi sai an danna.

A Tcl, harshen da John Ousterhout ya gina Tk a kansa (Tk shi ne tushen Tkinter, ya fitar da shi a 1991), haka ake rubutawa tun asali: button .b -command gaisa.

In aikin yana karɓar bayani, ka naɗe shi da lambda, wato ƙaramin aiki marar suna: command=lambda: gaisa("Sannu").