Su Wane Ne Suka Ajiye Aiki?

Shugabannin ma'aikatu da yawa sun haddace ribar bara, amma ka tambaye su mutum nawa suka ajiye aiki a wurinsu, sai ka ji an fara kame-kame. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin lissafin ba shi da wuya. Ka ɗauki adadin waɗanda suka tafi a shekara, ka raba da matsakaicin yawan ma'aikatanka, ka ninka da 100. In kana da mutum 100, 20 suka tafi, kashi 20 cikin ɗari ke nan. Lissafi na biyu kuwa shi ne: cikin waɗanda aka fara shekara da su, nawa ne suka kai ƙarshenta?

Wasu na ɗauka in ka san ɗaya ka san ɗayan. Ina! A ce kujeru 5 ne a sashe guda, kowace aka sauya mata mutum sau 4. Mutum 20 sun tafi, alhali 95 cikin tsofaffin ma'aikata 100 ɗin suna nan daram. Wannan ciwon sashe ɗaya ne, kuma ni dai shugaban sashen zan fara dubawa. Shi ya sa jimilla ita kaɗai ba ta gamsar da ni. A ware wanda aka sallama, da wanda ya yi ritaya, da wanda ya tafi don kansa. A duba wata nawa ya yi, ƙarƙashin wa ya yi aiki. Wanda ya gudu cikin watanni ukun farko, ko dai an yi masa alkawarin da ba a cika ba, ko an jefa shi aiki ba mai nuna masa hanya.

Kuma tafiyar nan da tsada. A 2019 kamfanin bincike na Gallup ya ƙiyasta cewa maye gurbin ma'aikaci ɗaya kan ci daga rabin albashinsa na shekara har ninki biyu. A binciken nasu, kashi 51 cikin ɗari na waɗanda suka tafi don kansu sun ce a watanni ukun ƙarshe ba shugaban da ya tambaye su ko suna jin daɗin aikin.

To mene ne amfanin zaunar da mutum ranar da zai tafi a tambaye shi dalili? Ihu bayan hari ne. Yana neman a rabu lafiya, gobe zai buƙaci takardar shaida, ba zai faɗi duka ba. Tambayar nan waɗanda ke nan ya kamata a riƙa yi wa, musamman ƙwararren da ya daina magana a taro.