Ba wasan kwamfuta ba ne

Jama'a, tun jiya wata magana take ci mini tuwo a ƙwarya. Wani ya ga bidiyon yadda gungun taurari ke haɗuwa a kwamfuta, ya ce ai zane ne, kowa na iya ƙirƙiro abin da ya ga dama. Ni dai ban yarda ba.

Mai binciken magani yana da ɗakin gwaji. Masanin taurari fa? Sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8, ba mai ran da zai zauna ya ga gungun taurari ya girma. Shi ya sa ake zuba wa jibgegiyar kwamfuta iskar gas, da wani abu marar ganuwa (dark matter) da ya fi abin da ake gani yawa, da dokar jan juna, a bar ta ta yi ta lissafi, sannan a gwada sakamakon da abin da na'urar hangen nesa ke gani. A 2005 aikin Millennium a Garching ta Jamus ya bi motsin ƙwayoyin wannan abu marar ganuwa sama da biliyan 10 a kwamfuta. Bayansa EAGLE ya zo, haɗin gwiwar masana daga Durham ta Ingila da Leiden ta Holan, da gas da taurari a ciki.

Inda mai sukar yake da gaskiya shi ne, kwamfuta ba ta iya bin kowane tauraro ɗaya bayan ɗaya. Fashewar taurari da zafin da ke fitowa daga kewayen baƙin rami (wurin da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa), da hannu ake saka ƙa'idarsu. Kafin a saka su, taurarin da ke fitowa sun yi yawa fiye da na zahiri.

To a nan ne haɗin kan ya burge ni ƙwarai. Tun 2012, a shirin AGORA, ƙungiyoyi daga ƙasashe daban-daban ke karɓar mafari iri ɗaya, kowa ya sarrafa da manhajarsa, a baje a kwatanta. Wanda ya kauce, kowa zai gani. Masu IllustrisTNG, wani aikin kwamfuta irin EAGLE, kuma suka saki bayanansu a intanet kyauta, ɗalibi ma zai iya saukewa ya bincika.

Da na'urar James Webb, wadda aka harba a Disambar 2021, ta hango gungun taurari masu haske na farkon samuwar sararin samaniya fiye da yadda lissafi da yawa suka yi hasashe, ba a ɓoye ba. Yanzu haka ana komawa kan ƙa'idojin ana gyarawa.