Bazazzagi da Jirgin Ruwan Tudu

Da a ce ranar Asabar ɗin nan na zauna na yanke ciyawar ƙofar gida kamar yadda uwargida ta ce, da yanzu ina nan da mutuncina da 'yan kuɗina. Sai wani abokin aikinmu ya ja ni kallon motoci a titin Woodward, wanda ya taso daga tsakiyar Detroit ya miƙe arewa har Pontiac. Duk shekara, Asabar ta uku a watan Agusta, masu tsofaffin motoci sukan fito da su su yi ta kai da komowa tun safe har dare, jama'a kuma su jera kujeru a bakin titi suna kallo. Tun 1995 ake yi. In ka ce hawan daushen mutanen Michigan ne ba ka yi ƙarya ba, sai dai dawakan nasu fetur suke sha.

Ni Bazazzagi ne, kuma Bakanuwa nake aure. Ita cewa take mu Zage-zagi mun fi son a gan mu cikin babbar riga ko da aljihu babu ko anini, ni kuma in ce su Kanawa ko gaisuwa sai sun lissafa ribarta. Shekara goma sha ɗaya muna wannan muhawara ba a yi kaye ba, sai da na je titin Woodward na ɗauko mata hujja da hannuna.

A nan na fara ganin Cadillac ta 1959 ido da ido. Bayanta wasu fikafikai ne guda biyu a tsaye, masu tsini, kowanne da jajayen fitilu biyu kamar harsashi. Ina ganinsu na tuna kunnuwan rawanin 'ya'yan sarki. Ba sa ƙara gudu, ba sa rage shan mai. Aikinsu kawai su shaida wa na baya cewa wanda ke gabansa ba tsaransa ba ne. Abokin nawa ya ce daga jirgin yaƙi aka samo abin. Masu zanen motocin General Motors, ƙarƙashin shugabansu Harley Earl, sun ga jirgin P-38 mai jela biyu na zamanin yaƙin duniya na biyu, sai suka ɗora wa Cadillac ta 1948 'yan ƙananan fikafikai. Daga nan kamfanoni suka shiga gasa, kowa na ƙara wa nasa tsayi, har abin ya kai maƙura a 1959. Na ce a raina, ashe Amurkawa ma sun san sarauta, sarki ne kawai Allah bai ba su ba.

Can gaba kaɗan, a gefen wani shago, sai ga ta a shimfiɗe, baƙa wuluk, da takardar "ta sayarwa" a jikin gilashi. Cadillac Fleetwood Brougham, ƙirar 1976. Fikafikan sun kwanta tuni, saura dogayen fitilu biyu a tsaye cikin farin ƙarfe mai sheƙi. Tayoyin baya an sakaya su da murfi har rabi, kamar mace ta ja mayafi. Rufin an lulluɓe shi da wata leda mai kama da fata. Can a ƙarshen bonet, nesa da direba kamar wata unguwa, tambarin kamfanin ne a tsaye.

Mai ita wani dattijon Bature ne da ya yi ritaya daga aikin ƙera motoci, yana zaune a kujerar naɗewa yana shan lemo. Ya ce a nan Detroit aka haɗa ta, a masana'antar titin Clark. Tsawonta ƙafa 19 da rabi, kusan mita 6. Nauyi ya haura tan biyu. Ya ɗaga bonet, na leƙa: silinda 8, lita 8.2. Na yi lissafi da sauri, 'yar Corolla ɗin da ke gida lita 1.8 ce, wato sai an haɗa huɗu da rabi irinta. Na tambayi ƙarfinta, ya ce doki 190. Na ce duk wannan tumbin? Ya yi dariya ya ce dokokin rage hayaƙi na shekarun 1970 ne suka shaƙe injunan, kuma dama ba don tsere aka yi ta ba. Wannan kam na gane. Ban taɓa ganin sarki yana sauri ba.

Da ya buɗe mini ƙofa sai na ji kamar in cire takalmi. Kujerun karammiski ne launin jan goro, masu taushi irin na falon amarya. A gidan baya har da 'yan fitilun karatu, da wani matakin ɗora ƙafa mai darduma. Matakin nan ban ba shi muhimmanci ba a lokacin, kuma da na sani.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da dattijon ya ce ita ce auta a cikin manya. Bayan ƙasashen Larabawa sun hana sayar wa Amurka mai a 1973, aka sha layi a gidajen mai, mutane suka fara karkata ga ƙananan motocin Jafan. A 1977 kamfanin ya datse wa irin wannan mota tsawon ƙafa guda, injin ya koma lita 7. Ya ce su nan suna kiran irinta jirgin ruwan tudu. Bayan kwana huɗu jirgin ya zama nawa. Kuɗin da na biya da kuɗin da na gaya wa uwargida kuwa, har yau ba su san juna ba.

Tuƙinta wani abu ne daban. Sitiyarin da ɗan yatsa ɗaya kake juya shi, amma in ka juya sai motar ta ɗan yi shawara tukuna kafin ta bi. Ramukan titunan Michigan, waɗanda Corolla ke faɗawa har haƙorana su haɗu, wannan sai dai ta yi musu sallama ta wuce tana lilo.

Uwargida ta fito ƙofar gida, hannu a ƙugu. Ta dubi motar daga gaba, ta taka har baya, abin da ya ɗan ɗauke ta lokaci, ta dawo.

"Malam, gidan muka sayar ne za mu koma ciki?"

Ban kula ta ba, na nufi gareji. Na shiga a hankali har bambar gaba ta sumbaci firizar da muke ajiye naman layya. Na fito na danna maɓallin ƙofa. Ƙofar ta sauko, ta daki but, ta koma sama. Na sake dannawa, ta sake dukan but, ta koma. Uwargida ta ce in ci gaba, wataƙila a karo na bakwai ginin zai ƙara tsawo. Daren nan sai da na matsar da firiza da kekunan yara da buhun shinkafa, duk da haka gindin motar a waje ya kwana.

Bayan mako biyu aka yi wa wani ɗan'uwa haihuwa, aka sa walimar suna a wani zaure da aka kama haya. Duk Bahaushen da ke yankin zai zo, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi. Ranar da nake jira ke nan. Na fito da farar shadda mai aska takwas, na karya ƙube, na yi wanka da turare. Yara sun riga sun tafi da ƙanwar uwarsu. Uwargida ta loda kulolin waina da sinasir a but, wanda ya haɗiye su kamar ba a sa komai ba, sannan ta buɗe gidan baya ta shige. Na ce ta dawo gaba mana. Ta ce a'a, ba ta so a gan ta.

Muna hawa babban titi na ga allurar mai ta kwanta. Na yi mamaki, domin dattijon ya ba ni ita da fiye da rabin tanki, kuma iyakacina zagayen unguwa. Na shiga gidan mai. A nan babu yaron da zai taso ya zuba maka; kai za ka fito ka yi abinka. Na fito ina gyara hannun riga, na ɗauko tiyo, na zagaya gefen direba. Babu murfin tanki. Na ce to yana ɗaya gefen. Na mayar da tiyo, na shiga, na yi ribas, na yi gaba, na yi ribas, sau biyar kafin jirgin ya juyo. Na fito. Nan ma babu.

Na zagaya motar sau uku ina shafa jikinta kamar mai tayin saniya a kara. Na buɗe but, da zagayayyen makulli, domin makullanta biyu ne, mai kusurwa na tayar da inji, zagayayye na ƙofa da but, kuma kullum sai na fara sa wanda ba shi ba. Waina kawai na gani. Na ɗaga bonet. Wasu samari biyu a wata mota suka ɗaga waya suna ɗaukata. Uwargida ta sauke gilashi da maɓalli, a hankali, ta ce, "Ko dai ba ta shan mai ne, addu'a ake yi mata?"

Wata tsohuwa baƙar fata ce ta cece ni. Ta taho da sandarta, ta dubi rigata ta ce ta yi kyau, ta dubi motar ta ce mahaifinta ya yi irinta, da ita suke zuwa coci. Sai ta sa ƙugiyar sandar ta jawo lambar motar ta baya. Lambar ta kwanto ƙasa. Ga murfin tanki nan a bayanta yana kallona.

Na durƙusa da shaddata ina riƙe lamba da hannu ɗaya, tiyo da ɗaya. Tankin yana cin wajen lita 100. Lambobin famfo suna gudu, uwargida tana karanto su da ƙarfi daga cikin mota, irin karatun da Bakano ke yi wa kuɗin da ba zai dawo ba.

Duk da haka, shigarmu wurin suna ta biya ni. Maza suna tsaitsaye a waje, hira ta tsaya cak. Wani ya ɗaga hannu ya yi mini jinjina, wani ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Detroit!" Na tsaya daidai bakin ƙofar zauren na kashe mota, don kowa ya more kallo. Ban kai ga gama gaisawa ba aka ce na tare hanyar masu kawo abinci, in ɗan matsa.

Na murza makulli. Ta yi ƙir-ƙir-ƙir, ta yi shiru. Dattijon ya gaya mini in ta kwana a taka totur sau ɗaya kafin a tayar, saboda kafireta ce, ba irin na yanzu ba. Ni kuwa ganin idon jama'a na taka ya fi sau ashirin. Warin fetur ya cika wurin.

Kowane Bahaushe bakanike ne in motar ba tasa ba ce. Wani ya ce fulogi ne, wani ya ce batir, wani ya ce baki ne, a yi mata tofi. Na tuɓe babbar riga da hula na miƙa wa uwargida ta taga, na shiga ƙarƙashin bonet daga ni sai 'yar ciki, ina taɓa abubuwan da ban san sunansu ba. Sai aka yanke shawarar a tura ta a sa giya biyu. Mutum tara, duk cikin shadda, suka dafa but suna "bismillah, ɗaya, biyu!" Sun kai ta tsakiyar fili suna haki kafin wani ya tuna cewa mota mai canza giya da kanta ba ta tashi da turi.

Wani dattijo ɗan Damagaram, wanda ya yi tuƙin babbar mota shekaru kafin ya zo Amurka, shi ne ya matso ya sunsuna. Ya ce, "Ɗan'uwa, mai ka ɗura mata har ta shaƙe. Take totur har ƙasa, kada ka ɗaga, ka murza." Na yi haka. Ta yi tari sau biyu, ta yi wata irin gurnani, sannan ta tofar da baƙin hayaƙi ta salansa, daidai kan mutum taran nan da ke tsaye a baya. Har yau akwai wanda ba ya amsa sallamata da kyau.

Duk wannan bidiri uwargida tana gidan baya, ƙafa a kan mataki, gwaggwaro ko motsi bai yi ba. Mata suka yi ta zuwa taga suna gaishe ta. Na samu na kai motar ƙarshen fili, inda ta cinye wurin mota biyu, na fito ina goge baƙin mai a hannu. Sai ga wata Hajiya, kakar jaririn, wadda ba ta fi wata guda da zuwa daga gida ba. Ta leƙa ta gaisa da uwargida cikin girmamawa, ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai direba, buɗe wa Hajiya ƙofa mana, ka sauko da kulolin. Ka riƙe aikinka da kyau, ka ji? Irin wannan uwar ɗaki wuyar samu gare ta."

Na dubi uwargida ina jiran ta gyara zance. Ta miƙo mini jakarta in riƙe mata.

Yanzu sanyi ya kusa, kuma gishirin da ake watsawa a titi saboda ƙanƙara cin ƙarfen tsohuwar mota yake, don haka firiza ta koma ɗakin ƙasa, shinkafa ta koma kicin, na kuma samu ƙofar gareji tana rufuwa in na manna bamba da bango na fita ta ƙofar fasinja. Wadda ta ce ba ta so a gan ta kuwa, duk Asabar sai ta ci ado ta ce a fito da jirgi za ta kasuwar Larabawa a Dearborn. Jiya na ce ta kawo gudummawar kuɗin mai. Ta ce direba ba ya tambayar uwar ɗakinsa kuɗi sai ƙarshen wata.